Gwaggo Mai Magana da Ƙwarya

Na Allah muke, wurinsa za mu koma, kowa da ranarsa. Ranar Gwaggo ta zo Talata da la'asar, a ɗakinta na bakin kasuwar Babura, kafin magariba mun rufe ta. Yayar mahaifina ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Ba ta bar ɗa ba, mijinta ya daɗe da rasuwa, saboda haka tabarmar makoki ta Baba ce, shi ya kamata a tarar a ƙofar gida ana yi masa gaisuwa. Bai zo ba. Ya bi gawa zuwa maƙabarta yana can baya, da aka gama ya wuce gidansa ya shige. Ni aka bari a kan tabarmar, da liman da tsofaffi biyu uku.

Kwana biyu ina karɓar gaisuwa, na kuwa ji iri-iri. Akwai masu cewa Allah ya jiƙanta, su share hawaye su tashi. Akwai masu jan "Allah dai ya gafarta mata" har ya yi tsawo, suna kaɗa kai, don in gane cewa kayanta da nauyi. Wani dattijo, tsohon abokin cinikin Baba, ya dafa kafaɗata ya ce, "Mace ce mai ƙoƙari, Malam. Sai dai baki." A cikin gida kuma matata ta ji wata tana cewa Allah ya sa da shahada ta cika, ba da yaren Nasara ba. To ni ina wurin. Da shahada ta cika, kuma ta fita sarai, kowa a tsakar gidan ya ji.

Saboda irin waɗannan nake rubutun nan. Ni malamin elementare ne a Roni, alli da allo ne aikina, ban saba da irin wannan ba. Amma in na yi shiru, nan da 'yan shekaru abin da zai rage a bakin mutane shi ne mai bakin nan da ta tona wa ƙaninta asiri. Ban yarda ba, ba kuma zan yarda ba.

Gwaggo fura take sayarwa. Da kaka, in an buɗe cinikin gyaɗa, wurin zamanta gindin ƙaton marke ne a harabar kantin Turawa masu sayen gyaɗa, inda manoma ke sauke buhuna daga kan jakai. Sikeli yana hannun damanta, teburin biya yana hannun hagunta, ita tana tsakiya da ƙoranta da ludayi. Yadda ake aikin shi ne, akawun sikeli ya auna buhu ya ɗaga murya ya faɗa da Turanci, akawun tebur ya amsa da Turanci ya rubuta, sannan a juyo wajen manomi a gaya masa kuɗinsa da Hausa. Manomi yana tsaye a tsakani, ana jifa da maganar guminsa ta saman kansa, ba ya jin ko ɗaya. Babu wanda ya taɓa tunanin ya rage murya saboda mai fura.

Kaka shida ta yi a gindin marken nan tana dama fura, kunnenta a buɗe. Ba ta tambayi kowa ba. In ta ji kalma sai ta duba abin da hannu ya yi bayan an faɗe ta. Ta lura in an ce "ad", lebura yana ƙara ɗora wani buhu. In an ce "les", kuɗin manomi yana raguwa. In an ce "tota", an gama, akawu zai ja layi. Ƙidaya kuwa, daga wan har zuwa ɗaruruwa, ta haddace ta yadda ta haddace sunayen 'yan unguwa.

Turancinta ke nan gaba ɗaya. Ba ta san yadda ake gaisuwa da shi ba, ba ta san sunan ruwa ba, ba ta kuma damu ta sani ba. Amma 'yan kalmomin nan nata ta riƙe su da kyau, kuma kowace tana da fassarar da ta yi mata. Ad, ƙari. Les, ragi, "kuma kullum daga naka ne, ban taɓa ji an yi les daga na kanti ba." Tota, jimla. Balas, abin da ya saura bayan kowa ya gutsura. Adibas, kuɗin da ake ba ka tun gyaɗa tana ƙasa, "igiya ce, duk wanda ya ce maka kyauta ce ka dubi wuyanka." Kamasho, ladan wanda ya jawo ka bakin sikeli. A nan takan sauya magana, domin Baba ɗan kamashon kantin ne.

Har gida ta shigo da su. In ta ɗanɗana miyar Inna sai ta ce, "Ad gishiri." In mata sun cika ta da hayaniya a gidan suna, sai ta ce, "Les surutu." Wanda ya zo mata da dogon labari yana kewaye-kewaye, sai ta ɗaga ludayi: "Ba ni tota, ina da aiki." Yara suna kwaikwayonta a bayan ido, ta sani, ba ta taɓa hana su ba. Cewa take ai gara su kwaikwaya, ta haka zai zauna musu.

Shekarar da aka ba ni aji na farko, na zo hutu kaina yana rawa. Na ji ta ce "tota", na gyara zama na ce, "Gwaggo, ba haka ake faɗa ba. Akwai harafi a ƙarshe da kike haɗiyewa."

Ta dube ni sama da ƙasa. "Malam ƙarami, da harafin da babu harafin, nawa ake biya?"

Na ce duk ɗaya ne.

"To riƙe harafinka. Kai an koya maka Turancin da za ka gaida Bature ya ji daɗi. Ni na tsinci wanda yake yi in ya ɗauka babu mutum a wurin."

Na ji haushi a ranar, har na ƙi shan furarta. Yanzu shekarata goma sha ina koyar da lissafi, ban taɓa samun ɗalibin da ya san amfanin tarawa da ɗebewa kamarta ba.

Kowa ya san mace ba ta tsoma baki a cinikin maza, balle a gaban akawu. Gwaggo ma ta sani, ba ta kuma taɓa karya wannan ba. Ba ta yi wa namiji magana a bakin sikeli. Ƙwaryarta take yi wa. Sai ta sunkuyar da kai tana damu, ta ce, "Ke ƙwarya, kin ji? Wai casa'in da huɗu." Ko kuma, "Ƙwarya, an ce a ɗora ɗaya." Muryarta kuwa ba ƙarama ba ce. Manoma suka gane, sai ka ga mutum ya jawo jakinsa kusa da marke, wai inuwa yake nema. Wa zai kai ƙarar tsohuwa don ta yi hira da ƙwaryarta?

Ranar da abin ya faru ina nan, na zo sayen goro. Wani manomi daga wajen Gwiwa ya kawo buhu uku, ya kwana biyu a hanya. Al'ada ce a cire laba biyu daga kowane buhu, nauyin buhun kansa, wannan kowa ya yarda da shi. Akawun sikeli ya auna, ya ce les tu, ya faɗi abin da ya saura. Akawun tebur ya amsa, ya sunkuya kan takarda, ya ce les tu ƙasa-ƙasa, ya rubuta.

Gwaggo ta ajiye ludayi. "Ke ƙwarya," ta ce, "ashe buhun bawan Allah nan riga biyu ya sa? An cire a can, an kuma cire a nan."

Manomin ya dubi marke, ya dubi tebur. Akawun tebur ya yi dariyar yaƙe ya ce tsohuwa ta ruɗe. Gwaggo ba ta ɗago ba. Ta faɗa wa ƙwarya nauyin da aka kira a sikeli da Turanci, ta maimaita da Hausa, ta faɗi wanda aka rubuta, buhu ɗaya bayan ɗaya. Sannan ta ƙara da cewa, "Ba yau aka fara ba, ƙwarya. Yau ne dai na tabbatar."

Ba a yi faɗa ba. Manomin ya ce a sauke masa kayansa, ya ɗora wa jakinsa. Na bayansa ya bi shi, na bayan wannan ma haka. Kafin azahar harabar ta zama fayau, sai leburori zaune a kan buhunan wofi. Baba yana tsaye a bakin ƙofar kanti tun farko har ƙarshe, domin yawancin mutanen nan shi ya kawo su, da sunansa suka yarda. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba.

Bayan kwana uku Baturen kanti ya zo daga Kano a mota. Ya sa aka kira ta, ta ce tana kan sana'a, in yana da magana marke ba ya cizo. Ya tako da kansa, tafinta a bayansa. Ya tambaya wa ya koya mata Turanci, wace makaranta, wane malami.

Nan ne kaɗai na ga ta bar ƙwarya ta dubi namiji. Ta ce da tafinta, "Gaya masa su suka koya mini. Shekara shida suna ihu da shi a kaina. In ba sa so a ji, su koma yi da bakin jakai, shi ne ban iya ba tukuna."

Ban san me tafinta ya mayar ba, na dai san ya rage, domin Bature dariya ya yi. Ya ciro sisi ya miƙa mata. Ta karɓa, ta juya shi, ta dama fura ta sisi cif a sabuwar ƙwarya, ta miƙa masa da hannu biyu. Ya tsaya riƙe da ita bai san yadda zai yi ba, har tafinta ya karɓe shi. Ba ta cin kyautar da ba ta san dalilinta ba, ko daga wa take.

Abin da ya biyo baya ba dariya a ciki. An sauya wa akawu ɗaya gari, ɗayan yana nan. Laifi ya tattaru a kan Baba, wai shi ya kasa riƙe 'yar'uwarsa. Aka karɓe kamashon daga hannunsa aka ba wani. Ya sayar da kekensa, daga baya ya sayar da gonar fadama. Gidanmu da ake dafa nama ranar kasuwa ya koma miyar kuka tsura. Ban ɓoye wannan ba, domin masu cewa ta cire wa ƙaninta abinci daga baki ba ƙarya suke yi gaba ɗaya ba. Abin da ba sa faɗa shi ne daga bakin wa abincin ya fito tun farko.

Ita ma an kore ta daga gindin marke. Ta ɗauki ƙoranta ta koma bakin hanya, inda jakai ke bi kafin su shiga kanti, ta ce ai nan ya fi, yanzu tun kafin a shiga za a ji. Duk wanda ya tsaya shan fura sai ta tara masa tsakuwa a ƙasa. "Wannan da wannan, ad. Ɗebe biyu, les. In ka ji les sau biyu a kan buhu ɗaya, ɗauki kayanka." Mutanen da suke ƙetarowa daga tsallaken iyaka, inda Faransa ke mulki, ma sun koya, har suna tambayarta ko ta iya na nasu Turawan. Ta ce su kai ta ta zauna kaka shida.

Baba ya je wurinta sau ɗaya, da yamma, ina biye da shi. Ita ta goye shi bayan rasuwar mahaifiyarsu, har ya yi furfura Auta take ce masa. Ya tsaya a bakin ƙofa bai zauna ba.

"Yaya, abu ɗaya nake roƙo. Ki fito ranar kasuwa ki ce kunnenki ne ya ji ba daidai ba. Shi ke nan. Tsufa ne, kowa zai yi miki uzuri."

"Auta, kunnena lafiyarsa ƙalau."

"Ko don 'ya'yana."

"Mutumin Gwiwa ma yana da 'ya'ya."

Baba ya ce to, in haka ne, ƙafarsa ba za ta sake taka gidan ba sai ranar da ta faɗi haka. Ta ce Allah ya ba shi lafiyar jira. Shekara goma sha ɗaya ke nan. Ko a Sallah bai je ba, ita ma ba ta aika ba. Dukansu jini ɗaya ne, taurin kai kuwa ba a san wanda ya fi wani ba.

Sai dai akwai abin da masu gaisuwa ba su sani ba. Tun daga wannan shekarar, duk ranar kasuwa sai ƙwaryar fura da kwalbar man gyaɗa sun shiga gidanmu ta ƙofar baya, su sauka a hannun Inna. Inna takan ce wa Baba daga gidan iyayenta ne. Baba ya san damun Yayarsa tun yana shan nono, babu yadda za a yi ya kasa ganewa. Yakan shanye, ya ce a gode wa surukai. Inna ta ce shekara goma sha ɗaya bai taɓa barin ko kurɓi ba.

Da ciwo ya kwantar da ita bana bayan girbi, aka taso ni a gaba. Inna ta kira ni ɗaki tana kuka. Liman ya tare ni a ƙofar masallaci. Duk magana ɗaya ce: kai take ji, lallashe ta ta aika wa ƙaninta kalma ɗaya, kada ta tafi da gaba. Na ɗauki hutu daga Roni na zo na zauna a gefen gadonta. Ranar Talatar nan bayan azahar na tattara ƙarfin hali na faɗa mata.

Ta saurare ni har na gama. Muryarta ta yi ƙasa, amma hankalinta garau. Ta ce, "Na nemi gafarar kowa, wanda na sani da wanda ban sani ba. Shi ma ya yafe mini dukan da na yi masa yana yaro, da gorin da na sha yi masa. Amma ranar sikeli ba ta ciki. In na ce ban ji daidai ba, da ƙarya zan tashi gaban Ubangiji, don Auta ya ji sanyi?"

Na ce, "To me zan ce masa, Gwaggo?"

"Ka ce masa sau biyu aka cire." Ta numfasa. "Ka kuma ce ya riƙa cin abinci. Ina ganinsa ta kafar zana in zai wuce masallaci, ya rame."

Daga nan ba ta ƙara maganar duniya ba.

Bayan mun dawo daga maƙabarta liman ya ja ni gefe. Ya ce, "Malam, kai kaɗai ne a ɗakin lokacin da kuka yi maganar. In mahaifinka ya tambaya, ka ce ta nemi ya yafe mata maganar sikeli. Gyara zumunci ne, Allah ba zai kama ka ba. Ka ga mutane sun fara magana a kan tabarmar nan." Inna ma haka ta ce, ta ƙara da cewa in na faɗi wani abu daban, to in sani na rasa uba yana raye. Kwana biyu ina juya abin. Na san 'yan kalmomin nan za su kawo Baba kan tabarma, gari ya huta, gidanmu ya huta. Na kuma san in na faɗe su, dattijon nan mai cewa "sai dai baki" ya ci nasara, domin za a ce ai da mutuwa ta zo ta janye. Abin da ta riƙe shekara goma sha ɗaya, ni zan saki a madadinta tana ƙasa ba ta da bakin musu.

Ranar sadakar uku da hantsi ƙofar gidan ta cika. An zo daga Kazaure, an zo daga Roni, manoma sun zo daga ƙauyukan Gwiwa da ƙafa. Ana shirin ɗaga hannu sai aka fara matsawa ana buɗe hanya. Baba ne, da sandarsa. Ya zo har bakin tabarma ya tsaya, takalmansa a ƙafa. Ni ɗan fari ne, ba ya kiran sunana. Ya dubi saman kaina ya ce, "Kai. An ce kana wurin. Ta bar magana a kaina?"

Liman ya kafa mini ido. Na ji Inna ta yi gyaran murya a bayan zana. Na durƙusa.

Na ce, "Ta bari, Baba. Ta ce in gaya maka sau biyu aka cire."

Wani ya yi salati. Liman ya sunkuyar da kai. Baba bai motsa ba.

"Shi ke nan?"

"Ta kuma ce ka riƙa cin abinci. Ta ce tana ganinka in za ka masallaci, ka rame."

Ya daɗe a tsaye, har na fidda rai, na ce a zuciyata yau na rasa su duka biyu. Sai na ga ya jingine sandar a bango. Ya tuɓe takalmi ɗaya, ya tuɓe ɗayan. Ya hau tabarmar ya zauna a tsakiya, inda na yi kwana biyu ina riƙe masa.

"Sau biyu ne," ya ce, ba da ƙarfi ba, amma har manoman da ke baya sun ji. "Na sani tun kafin ita ta sani."

Baba ya share fuskarsa da hannun riga, ya juya wajen tsohon abokin cinikinsa da ke kusa da shi, ya miƙa masa hannu.

"Ku yi mini gaisuwa mana," ya ce. "Yayata ta rasu."

Allah ya sanyaya makwancinki, Gwaggo, ya yalwata miki shi. Saƙonki na isar yadda kika ba ni.